Ka Maida Wa Yaron Jirginsa

Wani magidanci daga unguwar Bukoki, nan Yamai, ya rubuto mini doguwar wasiƙa. Na taƙaita ta, amma ban taɓa ma'anarta ba.

"Malam, ƙanena da ke zaune a Faransa ya zo ganin gida, ya kawo wa yarona tsarabar ƙaramin jirgin ƙasa mai tafiya da wutar lantarki a kan dogonsa. Na hannu ne, an rubuta Jouef a ƙarƙashinsa: kan jirgi ɗaya kore, tarago uku, dogo, da akwatin wuta. Yaron shekararsa 11, yana aji CM2, shi ne na fari a wurina. Ya nace sai ya maida kan jirgin launin tutar ƙasarmu. Ban ce masa to ba, ban kuma hana shi ba. Rannan na dawo daga aiki na tarar ya samo ragowar fentin ƙofa ya lafta masa, har gilasan ya shafe. Raina ya ɓaci, don abu ne mai daraja, na yi masa faɗa mai zafi a gaban ƙannensa. Da ya yi barci na goge fentin da fetur, na yi dare uku ina gyara, na fesa masa launukan tutar tsaf, na ajiye shi a kabad ɗin falo. Da safe na nuna masa, ya ce, 'Ya yi kyau, Baba,' ya ɗauki jakarsa ya tafi lakwal. Yau mako uku bai taɓa shi ba. Ga shi jirgin ma yanzu sai ya tafi ya tsaya, ya tafi ya tsaya. Uwarsa ta ce in kulle shi kowa ya huta, yaro ya kama karatu. Ni kuwa abin yana ci mini rai. A ina na yi kuskure?"

Malam, Allah ya saka maka da alheri a kan wannan damuwa taka. Iyaye maza da yawa ba za su ma lura ɗansu ya daina taɓa abin wasa ba, balle abin ya hana su sukuni. Tunda ka tambaye ni kai tsaye, zan amsa maka ba kwana-kwana.

Faɗan ya yi zafi, kuma a gaban ƙanne aka yi shi, zan dawo kan wannan. Amma yaro ɗan shekara 11 ya saba shan faɗa, sau da yawa kafin la'asar ya manta. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne dare ukun nan. Ya kwanta yana da jirgi, mai dameji dai, fenti ya zubo ta ko'ina, amma nasa ne, hannunsa ne a jiki. Ya wayi gari ya tarar da wani jirgi mai kyau a bayan gilashin kabad, wurin da ake ajiye kwanukan baƙi, wurin da tun yana rarrafe ake ce masa kada ya taɓa. Da ya ce "ya yi kyau, Baba", gaskiya ya faɗa. Aikinka ya yaba, kamar yadda zai yaba motar maƙwabci, sannan ya wuce.

Na san wannan ciwon don na taɓa jin sa. A Tawa na girma. Da kaka, in an gama yankan gero, mu yara sai mu bazama gona mu kwaso kara. Mu ɓare bayan karan mu yi ƙusoshi da shi, ɓargon cikin mai laushi shi ne katakonmu, ƙayar aduwa ta riƙe inda ake son ƙarfi. Ƙafafun mota kuwa da sakaina muke yi, mu yi ta goga ta a kan dutse har ta yi zagaye. Wata shekara na kwana biyar ina haɗa babbar mota irin masu ɗaukar albasa zuwa Kurmi, har da tsani a bayanta. Ƙafafunta ba su zo daidai ba, in na ja ta sai ta riƙa ɗingishi. Wana, Allah ya ji ƙansa, ya fi duk yaran unguwarmu iya hannu. Ya gan ni ina fama, ya karɓa, ya cire ƙafafun, ya fere wasu, ya miƙe mata gaba, ya maido mini ita tana tafiya sumul. Don ƙauna ya yi, ban taɓa shakkar wannan ba. Amma da na ja ta a layi yara suka taru suna cewa, "Kai, wa ya yi maka?" sai na ji bakina ya yi nauyi. Na jingine ta a bayan rumbu, akuya ta cinye ta, ban ko yi kuka ba. Shekara fiye da hamsin ke nan, har yau ina tuna ƙafafun nan nawa masu ɗingishi da ya jefar a ƙasa.

Na lura a duk wasiƙarka ba ka ambaci sunansa ba, "yaron" kake ta cewa. Na gane, ɗan fari ne. Haka muka taso, haka iyayenmu suka yi mana, kuma ba ni cikin masu kushe alkunya. Sai dai ina ganin ita ce ta sa ka zaɓi dare. Abin da bakinka ba zai iya faɗa masa ba, ka ba hannunka ya faɗa: ka hana idonka barci, ka kashe kuɗinka, ka yi masa abin da ya ce yana so. Babba zai karanta wannan saƙo ya gane. Yaro ba ya karanta shi haka. Abin da ya iso masa shi ne: aikinka bai yi ba, an share, ga yadda masu iyawa ke yi.

Don haka sai ka yi magana, kuma ba doguwa ba ce. Ba sai ka zaunar da shi a falo kuna kallon juna ba, wannan zai yi muku nauyi ku duka biyu. Ku dawo daga sallar isha'i tare, ko ka goya shi a babur ka ce ya raka ka wani wuri. A kan hanya, ba mai kallon idon wani, ka ce masa: "Jirgin nan kai baffanka ya kawo wa, naka ne. Na yi garaje da na goge aikinka ban tambaye ka ba. Ka yi haƙuri." Shi ke nan, kada ka ƙara da "amma kai ma". Ya riga ya san fentin ƙofa bai dace ba, da idonsa ya gani. Girmanka ba zai zube ba. Ka tuna Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan tsaya ya tambayi ƙaramin ƙanen Anas, Abu Umair, labarin ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Abin wasan yaro bai yi masa ƙanƙanta da zai tambaya ba.

Tunda a gaban ƙanne aka yi faɗan, a gabansu za a maida masa martabarsa. Ka fito da jirgin daga kabad da hannunka, ka miƙa masa suna gani, ka ce: "Wannan na yayanku ne. Ba mai taɓawa sai ya yarda, har ni." Kada ka sa rai zai yi tsalle. Wataƙila ya karɓa ya ajiye, ya yi kwana biyu bai duba ba. Ka ƙyale shi.

Sannan ina so ka tsaya ka yi tunani a kan abin da ya roƙa tun farko. Launin tuta ya ce, ba ja ko shuɗi ba. Yaron nan yana zaune a ƙasar da ta daɗe tana jiran jirgi. Dogo ya iso Kano tun 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, duk ya tsaya kafin iyaka. Wanda ya taso daga Kwatano ya iso Paraku a 1936, kilomita 438, a da daga nan sai a sauke kaya a loda wa manyan motoci su ƙarasa da su ta Gaya. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta jirgin ƙasa tsakanin Nijar da Dahome (Benin ta yanzu), hukumar da daga baya aka sani da OCBN, muna da rabo a cikinta alhali ko taku ɗaya na dogonta ba ya cikin ƙasarmu. Wanda ya taso daga Abijan ma, sunansa Abijan-Nijar, ya iso Wagadugu a 1954, bai iso mu ba. Sai a watan Afrilu na 2014 aka buɗe tashar jirgin ƙasa ta farko a Yamai, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa dogo zuwa Doso, kimanin kilomita 140, aka yi bikinsa a farkon 2016, amma jigilar yau da kullum ba ta kankama ba. Yanzu kuma ido yana kan na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Ɗanka bai san waɗannan shekaru ba, amma ya san bai taɓa shiga jirgi ba, kuma ya san wanda ke hannunsa na ƙasar wasu ne. Shi ne ya ce bari ya yi wa ƙasarsa nata. Ni wannan tunani ya burge ni ƙwarai. Ka ba shi wannan tarihi wata rana kuna aiki, za ka ga yadda zai saki buroshi ya saurara.

Game da daraja kuwa, ka kwantar da hankalinka. Jouef kamfanin Faransa ne da aka kafa a 1944, kuma an san shi da yin jirage masu sauƙin kuɗi don yaran talakawa, ya yi su da yawan gaske kafin a rufe masana'antarsa ta Champagnole a 2001. Na hannu irin naku suna nan birjik a kasuwannin gwanjo na can. Ba kayan tarihi yaron ya ɓata ba. In kana jin nauyin ƙanenka, kira shi ka gaya masa, ina kyautata zaton dariya zai yi ya ce ai don a yi wasa da shi ya kawo.

To, yanzu aikin kansa. Tsayawar nan da jirgin ke yi, ni alheri na gan ta, don ita ce ƙofar da za ku shiga tare. Matsala ce da kai ma ba ka san kanta ba, saboda haka ba malami ba ɗalibi. Ka ce masa, "Jirginka yana tsayawa, na rasa dalili, zo mu duba." Irin wannan jirgi wutarsa ba ta wuce bolt 12, tana bi ta dogo ɗaya, ta shiga ƙafafun ƙarfe, wasu siraran tagulla da ke gogar ƙafafun su kai ta ga inji, ta fita ta ɗaya dogon. Duk inda datti ya shiga tsakani, jirgi ya tsaya. Ina zargin feshin da ka yi ya sauka a kan ƙafafun, ga kuma ƙurar garin nan da ba ta raga wa komai. Ku kifar da kan jirgin a kan tsumma mai laushi. Ya naɗa auduga a tsinke, ya tsoma a alkol na farmasi, ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya yana gogewa har audugar ta daina fitowa baƙa. Ya duba gindin ƙafafun, zai ga zare da gashi sun nannaɗe, ya zaro su da allura. Dogon ma a goge shi da tsumma da alkol. Kada a kai masa sanfefa, tana barin ƙananan zane da ke ƙara tara datti. A duba mahaɗar dogo da dogo, duk wadda ta saki a ɗan matse ta. In fetur ya shiga ciki ya wanke man haƙoran injin, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a bakin tsinke ya isa. In ya yi yawa sai ya kama ƙura ya zama laka.

Don ku gwada, ku sayi batir mai kusurwa huɗu na bolt 9, ku ɗaura masa waya biyu, ku taɓa kowace a dogo ɗaya. In jirgi ya tashi, inji lafiya lau. In kuka sauya wayoyin, sai ya koma da baya, ka bar shi ya gano wannan da kansa. Batirin nan zai yi muku amfani ranar da aka ɗauke wuta, ko da yake ba ya jimawa. Amma ka ja kunnensa, kai ma ka kiyaye: kada a jona dogo kai tsaye da batirin mota ko na sola. Shi ma bolt 12 ne, sai dai ƙarfinsa ya yi yawa, ƙusa ɗaya ta faɗo ta haɗa dogayen biyu sai waya ta yi ja ta ƙone hannu ko tabarma.

Daga nan ka san naka, ka san nasa. Naka abu uku ne: wuta, kaifi, da guba. Akwatin wutar nan tsoho ne, ka karanta jikinsa ka tabbata an rubuta 220 ko 230, don wasu tsofaffin na Turai na 110 ne. Ka bi wayarsa da yatsa, in robar ta tsage ka kai wa mai gyaran rediyo ya sauya. Kai ne mai jonawa a bango, kai ne mai cirewa. Reza da wuƙar yanka roba a hannunka suke, ko a hannunsa kana tsaye a kansa. Fetur, da tina ta masu fentin mota, da ruwan goge farce, duk su bar wurin. Jikin jirgin roba ce da waɗannan ke ci, in ka duba da kyau za ka ga inda fetur ya dusashe ta, wataƙila har gilasan sun yi hazo. Gam mai kamawa nan take shi ma naka ne, yana haɗe yatsu, tururinsa kuma yana sa gilashin roba ya yi fari. A cikin wasu tsofaffin jirage akan sa dalma don nauyi, haka abin liƙin waya yana da dalma, saboda haka a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci. Ƙananan kusoshi kuma su shiga cikin gwangwani mai murfi, tunda akwai ƙanne masu kai komai baki.

Duk abin da ya rage nasa ne. Zaɓen launi, riƙe buroshi, inda layi zai bi, sunan da za a rubuta. Har da hukuncin abin da za a yi da fentinka. Ka tambaye shi: a bar shi, ko a shafe? In ya ce a shafe, ka haɗiye, kada fuskarka ta nuna komai, ka tuna kai ma ba ka tambaye shi ba. In ya ji kunyarka ya ce a bari, to taragon nan uku nasa ne ya yi yadda ya so, kuma ka sake yi masa tambayar bayan wata ɗaya.

Fentin da ya dace shi ne akirilik, wanda ake sirkawa da ruwa, ana samun sa a shagunan kayan makaranta da wurin masu zane. Ba ya cin roba, ba ya da wari mai hawa kai, in an yi kuskure ana gogewa da jiƙaƙƙen tsumma kafin ya bushe. Kafin ku kwance komai ku ɗauki hoto da waya, kowane mataki da hotonsa, don ranar maidawa. Gangar jikin takan rabu da injin, wani da kusa, wani da ƴan maƙalai a gefe da ake buɗewa a hankali da farce. A cire gilasan a ajiye. In za a hau kan fentinka, a ɗan murza shi da sanfefa mafi laushi da ruwa, don sabon ya sami wurin kamawa. A wanke da sabulu da tsohon buroshin haƙori, a shanya a inuwa. Na ce a inuwa, don ranar Yamai ta watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tana iya lanƙwasa robar nan, haka ma barin ta cikin mota ko dab da rufin kwano.

Kada ya fara a kan jirgin. Ka tara masa cokulan roba da murafun robobi ya yi ta gwaji a kansu har hannunsa ya faɗa. A nan ne zai gano da kansa abin da ya ɓata masa aikin farko: kauri. A sirka fentin ya yi ruwa-ruwa kamar madara, a shafa siriri, a bari ya bushe, a sake, har sau uku. Shafar farko za ta fito da ban haushi, ana hango na ƙasa, zai so ya ƙara lafta. Nan ne kawai za ka ce masa, "Dakata, bari ta sha iska." Fari ake fara sawa ko'ina, sannan ruwan lemu a sama, kore a ƙasa. Don layi ya miƙe, a manna tef na takarda irin na masu fentin mota, ya bi bakinsa da farce ya danne, a ɗaye shi a hankali kafin fentin ya ƙeƙashe. Da'irar tsakiyar tuta kuwa ga dabara: a huda tef da abin huda takardu na ofis, a manna a kan farin, ya ɗan dangwala ruwan lemu da guntun soso. Ku yi aikin da sassafe kafin iska ta tashi, kuna gamawa ku kifa roba a kai, in ba haka ba ƙura za ta zauna a kan ɗanyen fenti ya yi kamar an barbaɗa masa gari.

Duk da haka layin zai karkace. Kore zai ɗan shiga cikin fari. Za ka ga buroshi yana rawa a hannunsa, ka san sarai in ka karɓa cikin minti ɗaya ka gyara. Wannan mintin shi ne duk jarrabawarka. Ka samo wa hannunka aiki: ka riƙe masa gangar jirgin, ko ka riƙe fitila, ko ka dafa shayinka. In ya tambaye ka yadda ake yi, ka nuna masa a kan cokali, ka maida masa buroshinsa.

Maiɗakinka kuma tana da gaskiyarta, kada ka yi watsi da ita. CM2 aji ne mai nauyi, daga shi sai kwaleji, kuma ita ce ke ganin littattafansa kullum. Ku yanka wa jirgi lokaci, safiyar Asabar ko Lahadi, bayan an gama aikin lakwal da na allo, sauran kwanaki yana cikin kwalinsa. Amma kullewa gaba ɗaya ban goyi baya ba, don a idon yaron zai zama an ƙwace masa sau biyu. Ka nuna mata kuma cewa akwai karatu a cikin abin. Jirgin nan an ƙera shi ne a kan ma'aunin da ake kira HO, wato kashi 1 cikin 87 na jirgin gaske. Faɗin dogonsa milimita 16.5 ne, in ya ninka sau 87 zai sami kusan milimita 1435, faɗin dogon Faransa ke nan, kuma irinsa ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi. Na Yamai zuwa Doso mita ɗaya ne cif, ka tambaye shi da nawa zai zama in an rage shi. Ya auna kan jirginsa da abin awo, ya lissafa tsawon na gaske. Ya auna ka, ya raba da 87, zai ga a duniyar jirginsa tsawonka bai wuce santimita 2 ba. Wannan shi ne darasin ma'auni da mushensu ke fama da su a kansa a allo, ga shi ya zo har tabarmar gidanku.

In abin ya kama shi, kuma ina sa ran zai kama, ba sai an aiko da komai daga Turai ba. Kuna Bukoki, kasuwar Katako tana bayan gidanku. Ka kai shi wata safiya ya ga masu narka alminiyam suna zuba tukwane, da masu buga akwatuna da murhu daga tsohon ƙarfe. Ya tsaya ya kalli yadda suke auna abu da ido da yatsa. Ku sayo guntun falanki da za a kafa dogon a kai, ya daina kwanciya a ƙasa yana shan rairayi. Gwangwanin tumatir ƙarami zai zama tankin ruwan tasha, jar ƙasa da aka tankaɗe aka haɗa da gam na katako ta zama fili, waya da soso su zama gawo, yumɓu ya zama rumbu mai tsawon santimita uku ko huɗu. In ya so, ya ƙera raƙuman dawan Kure da ke kan hanyar Doso, kowane bai kai santimita 6 ba, ya jera su a gefen dogo suna kallon jirgin Nijar yana wucewa. Ƙannensa ma za su sami abin yi a nan, in ya ba su izini.

Ranar da ya gama, ku bar fentin ya kwana biyu kafin a maida gangar a kan inji. Shi zai ɗora jirgin a kan dogo, shi zai murɗa wuta, ka kira uwarsa ta zo ta gani. Ka ɗauki hoto ka aika wa baffansa, ka rubuta a ƙasa cewa aikin ɗansa ne. In ka ɗaga jirgin ka ga shatin yatsansa ya fito a jikin fentin, can gefen ƙofar direba, ka bar shi a wurin.